Ranar da Na Fasa Ganuwar Ruwa

Na san abin da kuka taso kuna ji a gari, wai ni na saki ruwa a kan gidan yayana don in tsirar da nawa. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko ku da na haifa ko ɗiyan Yaya Mamman da suka girma a gabana, kuma na san kunya ce ta hana ku. Yanzu gwiwoyina sun daina hawa tsani, idona ma ya fara ja baya, shi ya sa nake so in ajiye muku maganar a rubuce yadda ta faru. Ba wanke kaina zan yi ba. Abin da na aikata zan ce na aikata, abin da ban sani ba har yau zan ce ban sani ba.

Ku da kuka yi wayo bayan an gyara wurin ba za ku gane yadda garin yake a lokacin ba. Muna zaune ne a gindin tudu, a kan hanyar rairayin da ta fito daga Tasawa ta nufi Hawan Dawaki, kuma duk ruwan da ya sauka a gonakin arewa mu yake nufa. Mafi yawan gidaje suna Unguwar Kwari, har da nawa. Wata shekara ruwa ya shiga unguwar ya ci ɗakuna, sai aka yi gayya muka tada doguwar ganuwa ta ƙasa a arewacinta, muka jera mata buhunan rairayi, muka dasa dogon yaro a jikinta. Ni na ja aikin, don ni ne maginin garin, sana'ar da na gada a wurin babanmu. Tun daga nan ruwa kan taru a bayan ganuwar ya zama tabki, ya yi kwanaki, ƙasa ta shanye shi. Kan ganuwar na yamma ya dangana da maƙabarta. Na gabas kuma ya ƙare a bakin wata tsohuwar hanyar ruwa da rairayi ya daɗe da cikewa, kuma a kan wannan hanya Yaya Mamman ya yi gidansa.

Yaya Mamman ya girme ni da shekara shida. Manomi ne, ba mai yawan magana ba, kuma ba ya son a ga kasawarsa. Da gidan babanmu ya yi mana kaɗan, rani uku ya yi a jere yana tafiya Najeriya dako, har ya haɗa kwanon rufi da katako. Filin gabas ɗin na babanmu ne, shi ya sa ya zaɓe shi. Ranar da ya kai ni in ja masa tushe, na tona ƙasar da ƙafata, na ga farin rairayi mai laushi irin wanda ruwa ke bari, na gaya masa nan hanyar ruwa ce.

Ya ce, "Hamisu, tun ina yaro ban ga ruwa ya bi ta nan ba. Kai dai gina mini."

Ƙane ba ya ja da yayansa sau biyu, sai na gina. Ɗaki uku a jere da zaure, da rumbu biyu a tsakar gida. Ban taɓa yin aikin da na sa wa zuciya kamar wannan ba. Na ɗaure kwanon da waya a jikin bango, na ɗora masa rawani mai kauri don kada iska ta samu inda za ta kama. Matarsa Rabi ta daɓe ɗakunan da hannunta. Wannan shi ne laifina na farko, kuma ba shi ake faɗa a gari ba: na san ƙasar, amma na gina.

Shekarar da abin ya faru, iska ce ta fara zuwa. Farkon damina ne, hatsi bai kai gwiwa ba. Da la'asar gabas ta yi ja, kafin mata su kwashe shanya iskar ta iso. Ban taɓa ganin irinta ba. Kwanuka suka riƙa tashi suna yawo a sama, dangogi suka kwanta, rumbunan kara suka yi ta birgima a fili. Da ta lafa, rabin garin babu rufi. Gidan Yaya Mamman kuwa ko waya ɗaya ba ta tsinke ba. Maƙwabta da yawa a zaurensa suka fake kwanakin nan, kuma can muka mayar da Inna, mahaifiyarmu, don ɗakinta ya yaye. Ina jin mutane suna yaba ginin, ina jin daɗi.

Abin da mutane ba su kula da shi ba shi ne iskar ta tumɓuke itatuwa huɗu daga jikin ganuwar, saiwoyinsu suka bar ramuka. Na je na gaya wa mai gari, na ce a yi gayya a cike su kafin marka. Ya sa aka yi shela, amma kowa na fama da rufin ɗakinsa ga noma ya kama, mutum biyar suka fito. Muka cusa buhuna muka yaɓe sama, muka ce ya isa. Ni kaina ban matsa ba, don kullum ina bisa ɗakin wani ina kafa ƙusa.

Ranar da ruwan ya zo, Yaya Mamman ba ya gari. Ya tafi Tasawa ta'aziyyar wani surukinsa. Ruwa ya fara bayan sallar asuba, ba tsawa ba iska, zuba kawai yake kamar ba zai tsaya ba. Da hantsi na fita duba ganuwar, na tarar tabkin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Kafin azahar saura kamu ɗaya ya haura, kuma a wuraren nan huɗu da muka toshe, jan ruwa yana tsiyaya ta cikin Unguwar Kwari. Duk wanda ya yi aikin ƙasa ya san ma'anar wannan. Idan ruwan da ke fitowa ya yi ja, ganuwar yake ci daga ciki. Kuma idan ta fashe a tsakiya, ruwan zai faɗo gaba ɗaya a kan gidajen da tsofaffi da jarirai ke ciki, bangayen kuma sun riga sun jiƙe.

Maza suka taru a kan ganuwar, muna tsaye cikin ruwa. Aka riƙo mai gari, tsoho ne sosai a lokacin, liman yana gefensa. Na gaya musu gaskiya, na ce ganuwar ba za ta kai la'asar ba, sai an buɗe wa ruwan hanya a ɗaya daga cikin kawunanta. Idan aka fasa ta yamma, ruwan zai ratsa maƙabarta ya faɗa fadama. Idan aka fasa ta gabas, zai bi tsohuwar hanyarsa. Ban ƙarasa ba, don kowa ya san abin da ke kan wannan hanya. Liman ya ce iyayenmu ne kwance a yamma, ba zai iya tsayawa ya ga ruwa ya tono su muna tsintar likkafani a fadama ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Na ciro salula na kira Yaya har sau uku, layin ba ya shiga. Na juya wajen mai gari na ce, ranka ya daɗe, ka ba ni umarni da bakinka.

Ya dubi ruwan, sannan ya ce, "Kai ne magini, kai ka san ƙasa. Yi abin da zai tsirar da gari. Gida kuwa, gari zai gina wa mai shi."

Ina so ku san abin da ke raina a wannan lokaci. A ganina ƙasar yamma ta fi tudu kuma tana da tsauri, haƙa ta zai ci lokacin da ba mu da shi, ta gabas kuwa rairayi ce, sara kaɗan ruwan zai ƙarasa da kansa. Wannan shi ne hujjata, kuma na yarda da ita. Amma akwai wasu abubuwa biyu a ƙarƙashinta. Babanmu yana kwance a wannan maƙabarta, kusa da bakin ganuwar, ni na saka shi a kabari. Sannan ku da na haifa, mahaifiyarku tana Unguwar Kwari da ku, ƙaraminku bai fara tafiya ba. Ba zan iya rantsewa cewa waɗannan ba su taɓa awon da idona ya yi ba.

Ni da kaina na tafi gidan. Na tarar da Rabi a zaure tana hura wuta, Inna na zaune a kan tabarma da yara. Na ce su fito yanzu, za a buɗe ruwa ta nan. Rabi ta miƙe da muciya a hannu, ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba.

Ta ce, "Yayanka ya sani?"

Na ce bai sani ba. Ta ce to a jira shi. Na ce ruwan ba zai jira ba. Sai ta shiga ta fara miƙo kaya. Mazan da suka biyo ni suka kwashe tabarmi da tukwane da akwatinta, aka kwance awaki. Muka buɗe rumbu ɗaya muka ja ƴan dammunan hatsi, sai aka aiko da gudu cewa ramin tsakiya ya buɗe. Muka bar sauran. Inna ta ƙi tashi, ta ce ba za ta fita daga gidan ɗanta ba sai ya zo. Na durƙusa na goya ta da ƙarfi. Tana dukan bayana da hannu har muka hau tudu, kuma ban taɓa jin nauyi irin na wannan tsohuwa marar nauyi ba.

Da muka koma kan ganuwar, maza suna riƙe da diga da felu amma babu wanda ya sara. Ni suke jira. Na karɓi diga na fara. Ba mu yi nisa ba ruwan ya ƙwace aikin daga hannunmu, ya yage bakin ya faɗaɗa shi, har sai da muka ja da baya. Ya bi tsohuwar hanyarsa kamar jiya ya bar ta. Zauren ne ya fara zama, a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Sai ɗakin Rabi, sai na tsakiya. Kwanon da iska ta kasa ɗagawa ya lanƙwashe ya nutse. Rumbunan suka tashi daga kan duwatsunsu suka juya, ɗaya ya fashe, hatsin shekara ya bazu a kan ruwa. Duka bai fi lokacin da mutum zai yi alwala ya yi sallah ba. A bayanmu tabkin ya fara sauka, jan ruwan ya daina tsiyaya. Wani daga cikin mutanen Kwari ya ɗaga murya ya yi hamdala, wasu suka amsa. Rabi tana tsaye a kan tudu da yaranta cikin ruwan sama, kuma ta ji su.

Babu ran da aka rasa a ranar. Ko ɗaki ɗaya bai faɗi a Unguwar Kwari ba.

Bayan kwana biyu Yaya Mamman ya iso a ƙafa, don hanya ta yanke, ko babur ba ya wucewa. Labari ya riske shi tun a hanya. Bai shiga gari ba, kai tsaye ya wuce filin. Na same shi tsaye a inda zauren yake a da, babu komai sai laka da bakin kwano ɗaya da ya leƙo. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa yadda aka yi tun daga farko, bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni ko babu wata hanya. Na ce akwai ta maƙabarta.

Ya ce, "Baba da ya riga ya tahi ka tausaya wa, ka bar ɗiyana a fili."

Daga wannan rana bai ƙara kiran sunana ba. Ya kafa bukkar zana a kan tudu ya sa iyalinsa. Na ce su dawo gidana, ya ƙi. Na aika da hatsi a amalanke, ya sa aka mayar. Inna ce ta riƙa kai da kawowa tsakaninmu, ta ɗauki hatsi tiya ɗaya a ƙarƙashin zanenta ta kai wa Rabi a ɓoye, ta dawo ta zauna a ɗakina.

Alkawarin gari kuwa, an ce sai bayan kaka. Kakar ba ta yi kyau ba, ruwan ya kwantar da gonaki da yawa. Ranar farko ta gayyar bulo mutane sun fito, rana ta biyu ba su kai goma ba, ta uku ni kaɗai ne a bakin kududdufi. Kuma a nan ne maganar ta fara juyawa. Mutumin da ya kasa cika alkawari yana bukatar dalili, sai aka fara cewa ai babu wanda ya sa Hamisu, shi ya zaɓa, gidansa ma yana Kwari. Da aka tambayi mai gari, ya ce shi bai ce a fasa ta gabas ba. Gaskiya ya faɗa, bai ambaci gabas ba. Liman kuma bai ce komai ba, ko a kan wannan ko a kan wancan. Na ci gaba da buga bulo ni kaɗai har na tara na ɗaki biyu, sai Yaya ya aiko Inna ta gaya mini in bar wahalar da kaina, ba zai kwana a ƙarƙashin abin da hannuna ya taɓa ba.

Da rani ya tsaya, sai na ji zai bi masu tafiya haƙar zinariya can arewa, bayan Agadas. Ya haura hamsin a lokacin, aikin samari ne. Ya gaya wa Rabi shekara ɗaya zai yi, ya dawo ya ɗauko magini daga Mayahi ya gina mata gidan siminti. Ranar tafiyar na hau babur na bi shi har tashar Tasawa. Na same shi ya riga ya hau bayan babbar mota, yana zaune a kan jarkar ruwa cikin yara sa'annin ɗansa. Na tsaya a ƙasa na ce, Yaya, ka sauko mu koma gida, ko me kake so zan yi. Ya dube ni, kuma ba fushi na gani a fuskarsa ba, gajiya ce.

Ya ce, "Ka kula da Inna."

Wata bakwai bayan nan aka bugo waya. Rami ya rufta da su, su uku. A can aka binne shi, ba mu ga gawarsa ba. Ni ne namijin da ya rage a gidanmu, don haka ni na zauna a kan tabarma ina karɓar gaisuwa. Mutanen Unguwar Kwari suka yi ta zuwa, suna ba ni hannu suna cewa Allah ya ba da haƙuri, suna komawa gidajensu da ke tsaye. Ban riƙe su a zuciya ba, ni ma nawa yana tsaye. Inna ba ta kai wata damina biyu ba ta bi shi. Har ta rasu ba ta taɓa cewa na yi laifi ba, ba ta kuma taɓa cewa na yi daidai ba.

Da Rabi ta fita takaba na je na roƙe ta ta bar ni in gina mata. Ta ce in gina, yara na bukatar inuwa, amma kada in ɗauka wani abu ya wuce. Na gina mata ɗaki biyu a kan tudu da bulon nan da na tara, su ne kuka sani. Na noma gonar Yaya tare da tawa har ɗiyansa suka iya riƙe hauya. Daga baya gari ya yarda muka haƙa wa ruwan magudana ta dindindin a tsohuwar hanyarsa, muka shimfiɗa mata duwatsu, aka hana kowa gini a wurin. Itace kuma muka daina dasa shi a jikin ganuwa, sai nesa da ita ta gabas, inda zai tare iska. Tun daga nan ruwa bai ƙara barazana ga Kwari ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya, ko matata ba ta sani ba. A ranin da ya biyo bayan rasuwar Yaya, na ɗauki siririn tiyon da muke auna daidaiton tushe da shi, na cika shi da ruwa, na tafi kan ganuwar na auna ƙasar yamma da ta gabas. Sau uku na auna. Yamman ta fi tudu, amma ba kamar yadda na zata ba, bambancin bai kai tafin hannu biyu ba. Da mun fasa ta can, ruwan zai fita. A hankali zai fita, kuma zai ci kaburbura, amma zai fita. Ko ganuwar za ta jure har ya sauka, ko za ta fashe a kan mutane muna cikin haƙa, wannan Allah kaɗai ya sani. Na naɗe tiyon na koma gida. Shekarun nan duka ina tashi da wannan awo ina kwana da shi, wata rana ya ce mini na yi daidai, wata rana ya ce na yi gaggawa.

Bara da ciwo ya kwantar da Rabi, na je duba ta da hantsi. Ta rame ƙwarai, amma hankalinta na nan. Na zauna a bakin ƙofa, na gaya mata maganar tiyon, ita ce ta farko da ta ji. Ta saurara idonta a rufe. Da na gama na ce, Yaya Rabi, ki yafe mini. Har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe ido ta kira sunana, karo na farko tun ranar ruwan.

Ta ce, "Hamisu, nawa na yafe tun da daɗewa. Nashi kuwa ba a hannuna yake ba."

Kwana tara bayan nan muka kai ta. Ku ɗiyan Mamman, yanzu kun ji duka, har da abin da zan iya ɓoyewa in mutu da shi. Mahaifinku bai yi kuskure ba da ya yi fushi da ni. Idan kun ga za ku iya yafe rabonku, ku zo ku gaya mini tun ina ji. Nashi kuma, can zan je in tambaye shi.